In Kuɗin Tarayya Sun Ƙare, Ina Yaranmu Za Su?

Edita ya roƙi ko wane ɗan aji uku ya rubuto darasi guda a kan abin da ya gani da idonsa lokacin hutu. Ni dai gida na tafi. Amma da ya ke gidanmu ya yi nisa da na yawancinku, watau a Inugu ya ke, cikin unguwar da Ibo ke kira Ama Hausa, na ga ya kamata in ba ku labarin wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wanda kuma zai tarar da ku ko ina aka tura ku aiki. Al'amarin kuwa shi ne, Gwamnatin Tarayya ta kan ƙago shiri don ta ɗauki yaro daga makaranta ta kai shi bakin sana'a, ta zuba kuɗi shekara uku ko huɗu, sa'an nan ta janye hannunta. To, daga ran nan wa zai riƙe shirin? Yaran da ke ciki kuma ina za su?

A kan hanyata na kwana biyar a Anaca wurin kawuna, daga baya kuma na gangara Fatakwal gaida goggona. Abin da na gani a garuruwan nan uku shi ne darasinmu na yau.

1. Yadda muka zo Kurmi

Sai in fara da gaya muku ko mu su wane ne, gama na lura waɗansunku suna zaton duk Bahaushen da ke Kurmi ɗan cirani ne. A shekarar 1909 aka gano kwal a duwatsun Udi, a 1915 aka fara haƙa, a 1916 kuwa hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Inugu da Fatakwal, garin da aka kafa don a riƙa loda kwal ɗin cikin jiragen ruwa. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932, sai shanu da albasa da wake suka riƙa gangarowa daga Arewa, masu su na biye. Anaca kuwa tun kafin zuwan jirgi Hausawa da Nufawa ke sauka bakin ruwanta ta kogin Kwara. Zaman ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama Magajin Garin Inugu na farko cikin shekarun 1950, mutanen garin ne kuwa suka zaɓe shi. Tashin hankalin 1966 da yaƙin basasa sun watsa unguwanninmu, amma bayan 1970 iyayenmu suka koma.

Saboda haka yau akwai yara da yawa irina, waɗanda a can aka haife su, a can aka haifi iyayensu. Muna jin Hausa da Ibo da Turancin kasuwa. Ni makarantar mishan na yi, ban kuwa taɓa kwana wata guda a Arewa ba sai da na zo wannan kwaleji. Ku riƙe wannan a ranku, za mu komo kansa.

2. Abin da ya sami wana

A shekarar 2016 Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta buɗe shirin da a ke kira N-Power. Nufinsa shi ne a ɗauki samari da 'yan mata waɗanda suka gama karatu ba su sami aiki ba, a tura su makarantu da asibitoci da gonaki, su yi aiki suna koyo, ana ba su naira 30,000 a wata. Kashi na farko mutum 200,000 ne, suka kama aiki a Disamba 2016. Kashi na biyu mutum 300,000 ne, suka shiga a Agusta 2018.

Wana yana cikin kashi na farko. Aka tura shi koyarwa wata makarantar firamare kusa da unguwarmu. Kuɗin nan ba abin rainawa ba ne a lokacin, gama mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan naira 18,000 ne. Kullum da sassafe sai ya bi gida gida yana tattara yaran unguwa. Iyayen da a da su ke ƙin sa 'ya'yansu makarantar gari, don tsoron kada a yi musu ba'a ko a raba su da addininsu, da suka ga ɗansu ne ke riƙe da alli sai suka saki jiki. In yaro bai gane Turancin malama ba, wana ya juya masa da Hausa. Na sha ganinsa yana tafe da ayarin yara a baya, kamar makiyayi.

A watan Yuni 2020 aka sallami kashi na farko, a Yuli aka sallami na biyu. Makarantu suna rufe a lokacin saboda annobar korona. Da aka buɗe, babu wana. Shugabar makarantar ta so ƙwarai ta riƙe shi, iyayen yara ma suka yi ta karo-karo suna ba shi ɗan abin sabulu har wata shida, daga nan ƙarfinsu ya ƙare. Yanzu albasa ya ke sayarwa tare da mahaifinmu. Ya yi shekara uku da rabi a gaban allo, bai fito da takardar koyarwa ba, bai kuma fito da jari ba. Yaran da ya ke tarawa kuwa, a hutun nan na ga biyu suna tura baro a kasuwa, ɗaya yana wanke takalma, wata yarinya tana tallar ruwan leda a tasha. Shirin kansa an ɗauki wani kashi a 2021, sa'an nan aka dakatar da shi a Oktoba 2023 don a yi bincike.

3. Ba yau aka fara ba

Kada wani ya ce wannan halin Gwamnati guda ne. A Satumba 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta a duk Nijeriya, Gwamnatin Tarayya ke biya da kuɗin man fetur. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1980 ta sauke nauyin a kan jihohi da ƙananan hukumomi, farashin mai kuma ya faɗi. Malamai suka yi watanni ba albashi, waɗansu jihohi suka komo da kuɗin makaranta. Haka kuma shirin SURE-P na zamanin Shugaba Jonathan, wanda ya ke kai masu digiri kamfanoni su koyi aiki, an fara shi a 2012, aka naɗe shi a 2015 da mulki ya sake hannu.

Amma akwai wanda ya rayu, kun kuwa san shi, watau SIWES, wanda 'yan'uwanmu na sashen sana'a ke fita yi. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, ita ta ƙago shi a 1973, ta riƙa biya ita kaɗai har 1978, sa'ad da ta ce nauyin ya fi ƙarfinta. Aka miƙa shi ga waɗansu hukumomi, aka sake mayar mata da shi a 1984. Duk wannan kai da kawowa bai kashe shi ba. Me ya sa? Don an ɗaure shi a jikin takardar shaida. Ɗalibin da bai yi shi ba ba zai gama karatu ba, saboda haka makaranta tilas ta nema masa wuri, ko alawus ya zo ko bai zo ba.

Bari kuma mu leƙa Amurka, don ku ga masu kuɗi ma abin ya same su. A 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata doka ta haɗa makaranta da wurin aiki. Tun daga farko aka gaya wa jihohi cewa kuɗin nan iri ne, ba abinci ba, ko wace jiha za ta samu kamar shekara biyar, dokar kuma za ta mutu da kanta a Oktoba 2001. An kashe fiye da dala miliyan 1,500. Da ranar ta zo, a wurare da yawa ma'aikatan da ke haɗa yara da masu kamfani sai suka watse, gama da kuɗin Tarayya a ke biyansu. Amma a jihar Wiskonsin shirin bai mutu ba. Ita tun 1991 majalisarta ta yi nata dokar, tana kuma sa kuɗin cikin nata kasafi. Yaron da ke shekaru biyun ƙarshe na sakandare ya kan yi sa'a 450 a shekara a wurin aiki, mai kamfanin ne kuwa ke biyansa lada, don yana so ya sami ma'aikaci gwani nan gaba. Kuɗin Tarayya sun tarar da shirin yana tafiya, sun ƙara masa sauri, sun tafi sun bar shi yana tafiya.

4. Ɗan lissafi

Mutane su kan ce, ai in Tarayya ta daina sai jiha ta ɗauka. To, ku ɗauko alli mu gani. Mutum 500,000, ko wanne naira 30,000, ya kama naira miliyan 15,000 ke nan a wata guda. In an raba wa jihohi 36 da Abuja daidai wa daida, ko wace za ta nemo fiye da naira miliyan 400 ko wane wata, ban da albashin malamanta da 'yan fanshonta. Ga shi kuwa tun Yuli 2024 mafi ƙanƙantar albashi ya koma naira 70,000, watau 30,000 ɗin ma ba za ta riƙe kowa ba yanzu.

Kun ga ashe shirin da duk ƙarfinsa alawus ne, da wuya jiha ta gaje shi yadda ya ke. Zanen aro ba ya rufe katara. In ana so abu ya rayu bayan yaye, sai a gina shi tun farko yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya ɗauka. Irin wannan gini na gani a Anaca.

5. Makarantar da ba ta jiran Abuja

Kawuna yana sayar da wake da albasa kusa da gadar Kwara, wadda aka gama ginawa a 1965. Maƙwabcinsa wani Ibo ne mai sayar da kayan gini. Ran da na sauka na tarar ana shagali a shagonsa, na tambaya, aka ce yaronsa ya ke yayewa. Ga yadda al'adar ta ke, su suna kiranta igba boi. Iyaye su kan kai yaro wurin ɗan kasuwa, a yi magana gaban dangi. Yaro ya zauna gidan ubangidansa shekara biyar ko shida ko bakwai, yana ci yana sha, ba albashi. Ya fara da shara da dako, ya kai ga sanin kaya da farashi, ya san mai biyan bashi da mai cinyewa, har a riƙa aikensa saro kaya shi kaɗai. Ran da wa'adi ya cika, ubangida ya kama masa shago, ya ba shi jari, ya gabatar da shi ga waɗanda ya ke saro kaya wurinsu. Bayan 'yan shekaru shi ma ya ɗauki nasa yaro. Da wannan hanya Ibo suka sake cika kasuwar Anaca bayan yaƙi, lokacin da aka ba ko wanne fam 20 kurum, kome yawan abin da ya bari a banki.

Na ce wa kawuna, "Kawu, ai wannan ya fi shirin Gwamnati." Ya yi dariya, ya ce, "Kai yaro ne. Ni wa ya ba ni jari? Ba haka maigidana ya yi mini ba? Mu ma muna da ita, ba ma dai rubutawa." Gaskiya ne kuwa. Mahauci da maɗinkin hula da mai canjin kuɗi da dillalin shanu, duk a gindin wani suka koya.

Ku dubi dalilin da ya sa wannan makaranta ba ta taɓa rufewa ba. Mai koyarwa yana cin amfanin yaro tun yana koyo, saboda haka ba ya jiran a biya shi. Yaro ya san ranar gamawa, ya kuma san abin da zai fita da shi. Dangi da 'yan kasuwa suna kallo, wanda ya ci amana sunansa ya ɓaci.

Amma fa tana da aibu, kada in ɓoye muku. Tun da ya ke sau da yawa ba a rubuta kome, mugun ubangida ya kan jira sai shekarar ƙarshe ya ɗora wa yaro sata, ya kore shi hannu banza. Yaron da ya shiga da wuri ya kan bar karatu, har ya girma bai iya rubuta rasit ba. 'Yan mata kaɗan ne ke samun shiga. Ba kuma takardar da yaro zai nuna in ya bar garin. Waɗannan su ne ramukan da makaranta da Gwamnatin jiha za su iya cikewa, da kuɗi kaɗan ƙwarai bisa ga na alawus. Gwamnatin Anambra ta kama hanyar nan a 2022, zamanin Gwamna Soludo, da wani shiri nata na kanta, inda a ke kai saurayi wurin gwanin sana'a ya koya, sa'an nan a taimake shi da jari.

6. Darasin Fatakwal

A Fatakwal mijin goggona, wanda ya tsufa a cinikin doya, shi ya ba ni labarin School-to-Land, watau daga makaranta zuwa gona. A 1985, lokacin da kuɗin mai suka ja baya, aikin ofis ya yi wuya, Gwamnan Jihar Ribas na lokacin, Fidelis Oyakhilome, bai jira Ikko ba. Ya buɗe manyan gonaki, ɗaya a Iriebe a kan hanyar Aba, ya ɗebi ɗaruruwan yaran da suka gama sakandare, aka koya musu noman zamani da kiwo, da nufin in sun gama a ba ko wanne fili ya tsaya da ƙafarsa. Shirin ya yi suna a duk ƙasa. Amma a 1986 Gwamnan ya tashi, waɗanda suka biyo baya ko wanne da abin da ya fi so, a hankali shirin ya yi sanyi, gonaki da yawa suka koma daji.

Abu biyu na koya a nan. Na ɗaya, jiha tana iya kafa irin wannan shiri da ƙarfinta in ta ga dama. Na biyu, bai isa a ce abu ya tashi daga hannun Tarayya ya koma hannun jiha ba, in dai a jihar ma mutum guda ne ke riƙe da shi. Abin da ya kashe SURE-P a sama shi ne ya raunana School-to-Land a ƙasa, watau sakewar mai mulki.

7. Takardar asali

Yanzu mu komo kan abin da na ce ku riƙe. Shirin Tarayya ya ɗauki wana bisa ga inda ya ke zaune. Amma shirye-shiryen jihohi da yawa, Kudu da Arewa, su kan fara tambayar takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Bayan an sallame shi, wana ya ji ana ɗaukar malamai, ya tafi wani ofishi. Akawun ya karɓe shi da fara'a, suka yi ta hira da Ibo, amma da ya duba takardunsa sai ya ce, "Ɗan'uwa, sai ka nemi ta garinku." Ya hau mota ya zo Arewa, garin kakanmu. Can kuma aka ce ba wanda ya san shi, sai ya kawo dattijon da zai shaide shi, dattawan da suka san kakanmu kuwa duk sun rasu. Ya koma gida da kuɗin mota a bisa wuyansa.

Wannan ba Hausawa kaɗai ya ke ci ba. A 2011 Gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan asalin jihar ba, yawancinsu kuwa Ibo ne na jihohin maƙwabta. Yaron Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano ma ya san wannan ciwo. Saboda haka ran da kuɗin Tarayya suka ƙare, ba duka yara ke faɗuwa daidai ba. Ɗan baƙo shi ke fara faɗuwa, gama ya zama jemage, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi ba su karɓe shi ba. Alhali kuwa ubansa yana biyan kuɗin rumfa da na tikitin kasuwa a jihar nan kullum safiya. Saurayin da ba shi da sana'a kuma, ko ɗan wane ne, a garin da ya ke zaune zai zama abin damuwa, ba a garin kakansa ba.

8. Abin da ya kamata a yi

Ni ɗalibi ne, ba na koya wa manya aikinsu. Amma ga abin da na tsinta, ku auna.

Na ɗaya, tun ran gini ran zane. Ran da aka buɗe shiri a faɗi ranar yayensa, kuma jiha ta fara sa nata kuɗi tun shekarar farko, nata na ƙaruwa na Tarayya na raguwa, yadda uwa ke rage nono tana ƙara kunu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, majalisar jiha ta yi wa shirin doka, ya sami gurbinsa cikin kasafin ko wace shekara, a kuma ɗaure shi a jikin takardar gama makaranta kamar SIWES, don kada ya bi Gwamna in ya tashi.

Na uku, kuɗin Tarayya, tun suna nan, a sa su cikin abin da ke zama: kayan aiki, da horon malamai, da rajistar gwanayen sana'a na gari, da kuɗin jarrabawa. Ko wane yaro ya fita da takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ko ta hukumar NABTEB. Alawus ya kan ƙare ran da aka daina, amma takarda da guduma suna nan.

Na huɗu, makaranta ta ci daga sana'arta. A makarantar mishan da na yi akwai rumfar kafinta, wadda waɗansu masu taimako na ƙasar waje suka gina. Taimakon ya yanke tun kafin in shiga, amma rumfar ba ta rufe ba. Tsohon kafintan ya sa mu muna ƙera bencina da allo da akwatuna, ana sayar wa makarantu da majami'u da masallatai, ribar ta sayi katako da ƙusa ta biya shi. Teburin da mahaifiyata ke sa kwanoni a kai ni na ƙera shi ina aji biyu.

Na biyar, a ƙidaya yaro inda ya ke zaune. Mu ma mutanen unguwa kada mu naɗe hannu. Ko wane ɗaya daga garuruwan nan yana da Sarkin Hausawa, ga ƙungiyoyin 'yan albasa da na mahauta da na masu shanu. Su ya kamata su rubuta sunayen yaran unguwa, su tsaya musu shaida, su riƙa zuba ɗan adashi don sayen keken ɗinki ko akwatin kayan aiki ga wanda ya gama. Wanda ya je wurin hukuma da littafi a hannu da rabin kuɗi a aljihu, an fi saurarensa bisa ga wanda ya je da kuka kaɗai.

9. Rabon malami

Kada ku ce wannan duk aikin manya ne. Akwai abin da malami zai yi ba tare da ko kwabo ba. Ka san sana'ar uban ko wane yaro a ajinka. Ka zaga gari ka san maƙera da teloli da masu gyaran waya da janareto, ka san mai haƙuri da mai duka. In za a kai yaro koyon sana'a, kai ka rubuta yarjejeniya, shekara nawa, me zai koya, me zai fita da shi, shaidu su sa hannu, ka ajiye kwafi ɗaya a makaranta. Ka roƙi ubangida ya saki yaro sa'a biyu da maraice, sau uku a mako, ya zo a yi karatu da lissafi. Kada ka manta da 'yan mata, ka nemi matan da ke ɗinki da saƙa da girkin sayarwa su ma su shiga littafinka. Bayan shekara guda ka bi sawu ka ga inda ko wane yaro ya ke. Irin wannan aiki shi ne farkon abin da ya watse a Amurka da kuɗi suka ƙare, shi ne kuwa ya fi kome araha in malamin gari ya ɗauke shi nasa.

A 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta buɗe wani sabon shiri na koyon sana'a, koyo kyauta da ɗan alawus na wata. Ƙanena yana so ya koyi aikin wutar lantarki. Daren da zan taso mahaifinmu ya kira ni, ya ce, "Kai da ka ke karatun malanta, in bar shi ya shiga? In sun daina fa, kamar na wanka?" Na ce, "Baba, a bar shi ya shiga. Amma tun yanzu mu nemo masa ubangida a gari wanda zai riƙe shi ko da alawus ko babu, mu rubuta takarda, kuma ko wane wata a cire wani abu a ajiye don jarrabawa da kayan aiki." Ya yi shiru, can ya ce in rubuta takardar kafin in tafi. Na rubuta, wana ya sa hannu a wurin shaida.

Tambayoyi don muhawara a aji

1. Me ya sa SIWES ya rayu, SURE-P kuwa bai rayu ba?
2. In jiharku za ta riƙe mutum 10,000 a kan naira 30,000 a wata, nawa za ta kashe a shekara? Me za a iya yi da rabin kuɗin nan ta hanyar iyayengiji?
3. Kawo aibu uku na koyon sana'a a kasuwa, ka faɗi yadda makaranta za ta gyara ko wanne.
4. Su wane ne baƙi a garinku? 'Ya'yansu suna shiga shirye-shiryen jiha?
5. Rubuta yarjejeniyar koyon sana'a, kada ta wuce layi goma sha biyu, yadda uba wanda bai yi makaranta ba zai gane in an karanta masa.

Wanda ya ga kuskure cikin abin da na faɗa, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da za a damƙa mana, amin.